Ranar da na nuna wa 'yan unguwarmu fim ɗina

Garin Tawa, Asabar da dare

Fim ɗin da zan kare karatuna da shi a Yamai minti 14 ne, kuma bai gama haɗuwa ba. Labarin wata mata ne da mijinta ya tafi biɗa Abijan bayan an gama girbi, damina ta dawo shi bai dawo ba. A Adar da wuya ka sami gidan da bai san wannan zaman jira ba, shi ya sa na ƙi miƙa wa malamai aikin sai mutanen da na ɗauko labarin daga bakinsu sun gani.

Bayan isha'i muka ɗaura farin zane a bangon tsakar gidan Kawu. Na aro majigi, ƙanena ya tada injin wuta don kada kuran, wato lantarki, ya yanke ana tsakiyar kallo. Mata a kan tabarmi ta gefen ɗakuna, maza ta wajen zaure, yara sun cika gaba. Ni na koma gefe da littafi da agogo, idona a kan fuskoki. Inda aka yi tsit na rubuta mintin, inda hira ta ɓarke ko hasken salula ya fara tashi shi ma na rubuta. Daga minti na 6 zuwa na 9, inda matar ke tafiya rijiya tana dawowa, na rasa su gaba ɗaya. Hoton wurin na da kyau, ina sonsa ƙwarai, amma mutanen da ke ɗibar ruwa kullum ba su ga dalilin zama kallon ɗibar ruwa na minti uku ba. Zan bar minti ɗaya.

Da aka ƙare ban ce "ya yi kyau?" ba, don kowa zai ce madalla saboda kara. Cewa na yi a ba ni labarin abin da aka gani. Kuma na bi matan ciki daban, tunda na san babu wadda za ta saki baki a gaban surukai.

Can ne aka ba ni abin da ya fi komai nauyi yau. Akwai wurin da matar ke zuwa wajen aiken kuɗi ta karɓi saƙon mijinta ta ƙulle a bakin zane. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, wa ya ce miki kuɗɗin hannunta suka zowa? Ga uwa tai aka aikowa, ko ga wa nai. Ita abin da aka ɗiba aka ba ta shi ta ka gani." Sauran suka kama, kowace da nata. Wata ta ce ba rashin mijin ke cinta ba kamar ta ji an ce saƙo ya iso, ta wuni tana kallon ƙofar ɗakin surukarta ko za a kira ta. Babu wannan wunin a fim ɗina, alhali shi ne labarin. Matar da na nuna kewa ce kawai ke damunta, su kuwa waɗannan suna magana a kan wanda ke riƙe da hatsi da kuɗin magani, da yadda mace ke nauyin tambaya. Dole in sake ɗaukar wurin, in shigo da uwar miji, kuma kada in mai da ita muguwa, don ita ma ɗanta take jira, ga bakuna da yawa a kanta.

A aji an ba mu labarin Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, yadda a farkon shekarun 1950 ya koma garin Ayoru da ke bakin kogin Neja ya haska wa masunta Sarkawa fim ɗin farautar dorina da ya ɗauka tare da su. Suka ƙi kiɗan da ya sa a ciki, suka ce shiru ake farautar dorina, in ta ji kiɗa ƙarfin zuciya take samu. Ya cire kiɗan. Na riƙe labarin don jarrabawa, sai ga shi yau wani dattijo ya ce mini gurmin da na shimfiɗa ƙarƙashin wayar da matar ke yi da mijinta ya hana shi jin abin da suke cewa. Zan sauke shi daga wurin gaba ɗaya.

Wajen maza zancen ya yi zafi. Kawu, wanda ya yi shekaru yana kasa tebur a Abijan, ransa bai so yadda ba a ga mijin ko sau ɗaya ba. Ya ce, "Kin nuna mu kamar mun tahi shan daɗi. Ki nuna ɗakin da muka kwana cikinai mu goma." Gaskiyarsa ce. Ba ni da kuɗin kai kyamara Kodebuwa, amma zan iya sa muryar mijin ta fito sosai a wayar, a ji gajiyarsa da hayaniyar kasuwa a bayansa.

Samari kuma so suke a ƙarshe ya dawo da akwati da babur, a yi guɗa. Wannan ba zan yi ba. Na gane abin da ya sa suke so, yawancinsu bana ko baɗi za su kama hanyar. Amma a cikin matan da suka zauna a tabarmar nan akwai waɗanda ba a dawo musu ba har yau, kuma ba zan iya kallon idonsu in nuna musu guɗar da ba su yi ba. Abin da mutane suka fi ni sani na rayuwarsu zan gyara shi ko da zai ci mini sauran kuɗin aikin. Abin da suke fata ya faru kuwa, na ji shi, na rubuta, ƙarshen fim ɗin yana nan yadda yake.

Wani tsoho ya tsaya bayan an watse, ya ce rabonsa da kallon silima a bango tun zamanin Mustafa Alasan, wanda ya zauna a garin nan yana aikinsa na fim har kusan rasuwarsa a 2015. Ya tambaye ni ko zan dawo da wanda aka gyara. Na ce masa kafin azumi in Allah ya so, a wannan tsakar gidan.

Gobe da asuba zan bi mota ta Kwanni da Dogon Dutsi in koma Yamai. Kafin in tafi zan leƙa wurin Gwaggo, in roƙe ta ko za ta yarda ta fito a matsayin uwar mijin.