Motar tarihi ta dawo gida: saƙon godiya

Assalamu alaikum, jama'a. Jiya bayan isha'i muka sauke akwati na ƙarshe daga mota muka kulle gareji, zagayen bana ya ƙare. Alhamdu lillahi. Tun da safe nake son in zauna in rubuta wannan godiya, ciwon baya ya hana, sai yanzu da na samu na tokare da matashi biyu.

Ga wanda bai san abin da muke yi ba: mu huɗu ne da wata tsohuwar bas da muka cire wa kujerun baya. A cikinta akwai akwatunan gilashi, allunan hotuna masu naɗewa, manyan taswirori biyu, da tarkacen Yaƙin Duniya na Biyu da muka yi shekaru muna tsintowa, wasu na asali, wasu kwaikwayo ne kuma muna rubutawa a jikinsu cewa kwaikwayo ne. Ranakun karatu mu shiga makarantu, ƙarshen mako mu kafa rumfa a wuraren baje koli, tsakanin masu nuna injinan noma da masu nuna dabbobi. Ba ma karɓar komai a hannun kowa.

Godiyar farko ta malaman makarantu ce. Na koyar da tarihi shekaru da yawa kafin in yi ritaya, na san abin da ake nufi idan malami ya sadaukar da darasinsa ana dab da jarrabawa. Yawancinku minti arba'in kuka ce za ku ba mu, sai ga shi an kaɗa ƙararrawa sau biyu ba wanda ya motsa. Akwai waɗanda suka taya mu ɗaukar tebura da hannunsu, akwai wanda ya ba mu ofishinsa muka ajiye kaya har kwana biyu. Allah ya saka muku da alheri.

A cikinku akwai wata malamar kimiyya da ba zan manta ba, don ta tsame mu daga kuskuren da har yanzu idan na tuna sai gabana ya faɗi. Muna da takunkumin kare iskar guba irin wanda gwamnatin Ingila ta raba wa jama'arta, wajen miliyan 38, tun 1938 kafin ma a fara yaƙin, saboda tsoron abin da aka gani a Yaƙin Duniya na Farko. A makon farko na zagayen, yara sanya shi suke yi ana dariya ana ɗaukar hoto, ni kuma ina tsaye ina jin daɗi wai darasi ya shiga. Malamar nan ta bari aka tashi, ta ja ni gefe ta ce, "Malam, ka san abin da ke cikin gwangwanin nan na ƙasa kuwa?" Na ce matatar iska ce. Ta ce matatun wancan zamani da yawansu da asbestos aka yi su, wanda idan ya tsufa yakan rududduge, a shaƙe shi ya zauna a huhu. Ba ta kunyata ni gaban yara ba, ba ta kuma kai ƙara ba. A daren muka naɗe shi a leda muka like, muka rufe a akwatin gilashi, yana nan haka har yau. Duk mai irin wannan a gida, don Allah kar ya bari a sanya.

Abin da muke bari a taɓa shi ne hular kwano, butar ruwan soja, adda da aka dakushe, da kwanson harsasai. Ni ra'ayina ne, kuma na daɗe a kai, cewa yaro da ya ɗora hular ƙarfe ta kusan kilo ɗaya a kansa ya tsaya a rana minti biyar ya fi fahimtar yaƙi da wanda ya haddace cewa Jamus ta afka wa Folan ran 1 ga Satumba 1939. Kwanan watan muna faɗa, yana kan allo, tare da 8 ga Mayu 1945 da aka gama a Turai, da 2 ga Satumba da Japan ta sa hannu a takardar miƙa wuya. Amma tambayoyi ba daga allo suke fitowa ba. Wata yarinya 'yar aji huɗu ta juya butar ruwan ta leƙa ciki ta ce, "Malam, idan ta ƙare fa?" Daga wannan tambaya muka kwashe rabin awa a kan ruwa da cuta, yadda zazzaɓin cizon sauro da atuni suka kwantar da sojoji a dajin ƙasar Bama fiye da harsashi nesa ba kusa ba, da ƙwayar mefakirin da aka tilasta musu sha kullum, wadda ke mayar da fata rawaya. Janar Slim, shugaban Runduna ta 14 ta Ingila da ta yi yaƙi a Bama, har sauke kwamandoji ya yi a kan sakaci da shan ƙwayar nan.

Allon Bama shi ne ya fi tara mutane ko'ina muka je. Mutane da yawa sun ji ana cewa wane ya je yaƙin Bama, amma ba su taɓa ganin inda Bama take a taswira ba, balle su san ita ce Myanmar ta yau. Runduna biyu na Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a can, ta 81 da ta 82, dukansu an kafa su a 1943. Ta 81 ta haɗa 'yan Najeriya, Gwalkwas wato Gana ta yanzu, Saliyo da Gambiya, ita ce ta shiga kwarin Kaladan a farkon 1944, wurin da babu hanyar mota, kayan masarufi da harsasai sai jiragen Dakota su jefo da laima. Daga inda kaya suka faɗo kuma sai a ka. Rundunonin suna da dubban sojoji waɗanda aikinsu dako ne, su ɗauki harsasai, su ɗauki sassan igwa, su ɗauki wanda aka harba, su hau tsauni su sauka cikin ruwan sama da matsattsaku.

Tambarin runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, Anansi na tatsuniyoyin Ashanti, ɗan'uwan Gizo namu a wayo. Na ta 82 kuwa masu ne guda biyu a gicciye a kan wani abu mai zagaye. Nakan rufe bayanin da hannu in tambayi yara mene ne wannan zagayen. A ce taya, a ce zobe, a ce garkuwa. A wata makaranta wani yaro da ke can baya, wanda malaminsa ya ce bai cika magana ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Gammo ne." Gammo ne kuwa. Runduna sukutum ta ɗauki gammon ɗan dako ta mayar da shi tambarinta. Yaron ya ce ya gane ne don da shi yake ɗebo ruwa kafin ya zo makaranta. Na gode maka, ɗana. Tun daga ranar, da labarinka nake buɗe wannan allon.

Godiya mafi nauyi kuwa ta waɗanda suka buɗe mana akwatunan gidajensu ce. Da muka fito, zatonmu mu ne masu nunawa. Ashe a ƙarƙashin gadaje da cikin tsofaffin adakoki akwai abin da ya fi namu. Kusan duk inda muka kafa rumfa, kafin la'asar wani zai koma gida ya dawo da ƙunshi: takardar sallama da ta yi laushi kamar tsumma, hoton fareti da rabinsa ya goge, maɓallin kaki, bel. Wani dattijo ya zo ba da komai ba sai kalmomi, ya tsaya yana jero mana yadda mahaifinsa ke kiran muƙamai, kofur, saje, samanja, yana ƙamewa yana sara wa iska, jama'a na ta dariya shi kuma idonsa ya kawo ruwa.

Wata tsohuwa ta zo ranar Lahadi ana shirin tashi, jikarta na riƙe da hannunta. Ta daɗe a gaban akwatin lambobin yabo ba ta ce komai ba, sannan ta kwance bakin zaninta ta fito da tauraro mai tsini shida, ƙyallensa ja a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo, duk ya koɗe. Ta ce, "Ɗan nan, irin wannan ce?" Na ce, "Ita ce, Inna. Tauraron Bama ke nan." Ta ce ta mahaifinta ce, ya dawo a 1946 tana ƙarama, bai taɓa ba su labarin komai ba, sai dai idan aka yi tsawa da dare ya tashi ya zauna har asuba. Ta juya bayan lambar ta nuna mini, ta ce ta sha ba yara su duba ko akwai sunansa. Babu. Ingila ba ta buga suna a bayan waɗannan taurari ba. Na ɗauko taswira na nuna mata Kaladan, na nuna mata Myohaung inda rundunonin biyu suka haɗu suka kori sojojin Japan a Janairun 1945. Ta ɗora yatsa a wurin ta bar shi. Sai ta ce ƙanen mahaifin nata tare suka tafi, shi bai dawo ba.

Jikar tana da waya. Na nuna mata shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, inda ake neman suna kyauta, na gaya mata ta gwada rubutun sunan ta hanyoyi daban-daban don magatakardan soja yadda suka ji suke rubutawa. Na kuma gaya mata cewa a maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon, akwai ginshiƙai da ke ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Bayan kwana uku ta turo saƙo: sun sami suna da lambar soja da ta yi daidai da wadda ke cikin wata takarda a gidansu. Inna ta ce a bar mana lambar mu zagaya da ita har mu gama. Na ƙi, ta ce ba shawara take nema ba.

Ba kowa ne ya yi murna da mu ba, kuma su ma ina gode musu. Wani bawan Allah ya tsare ni a rumfa kusan awa guda, yana cewa me ya kai mu tallar yaƙin Turawa, mutanen da aka kwasa ƙarƙashin mulkin mallaka, wasu ma ba da son ransu ba, aka biya su ƙasa da abin da aka biya Bature, suka dawo aka manta da su. Ban musa masa ko ɗaya ba, don gaskiya ya faɗa. Abin da na ce masa shi ne wannan maganar tasa ma tarihi ce, kuma laifinmu ne da ba ta kan allo. A makon da ya biyo muka ƙara allo a kan ɗaukar soja da albashi da sallama. Shi ya jawo shi, ko da yake bai dawo ya gani ba.

Akwai kuma makarantar da muka yi tafiyar awa uku muka tarar shugabanta ya manta da mu ya yi tafiya, ƙofar zaure a kulle. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Maigadi ne ya ce mu baje a inuwar bishiya, ya bi aji-aji da kansa yana sanarwa. A nan muka yi darasin korar Italiya daga Habasha, yadda birged ɗin sojojin Najeriya ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941 ta kuma kai Harar cikin kamar wata ɗaya, tafiyar sama da mil 1,000, kafin Sarki Haile Selassie ya koma Addis Ababa ran 5 ga Mayu. Iska na kwashe taswira, yara huɗu na danne kusurwoyinta da gwiwa. Baba maigadi, na gode.

Direbanmu, wanda tun fitowarmu bai taɓa cewa ya gaji ba, ko ranar da muka kwana a gefen hanya. Bakaniken da ya fito da tocila a baki ya gyara mana famfon mai cikin dare, ya ce kuɗinsa shi ne a buɗe masa akwati ya ga hular kwano. Matasan da suka ruga da tamfol ranar da hadari ya taso mana bagatatan, suka rufe allunan hotuna su kuma suka jiƙe sharkaf. Masu shirya baje koli da suka ba mu fili ba tare da sun tambayi abin da za mu sayar ba. Abokan tafiyata uku, da suka jure wa surutuna da maimaita labari ɗaya sau ba adadi. Uwargida, da ta haƙura falonta ya zama sito tsawon shekaru. Allah ya biya ku duka, ya raya muku zuri'a.

Yaron da ya ɗauki kwanson harsashi ɗaya ya sa a aljihu, sannan ya ba malaminsa ya aiko mana da shi a ambulan tare da takardar ban haƙuri: ya iso, kuma ba mu yi fushi ba.

Saura maganar amana. Duk wanda ya ba mu aron wani abu, mun ɗauki hotonsa gaba da baya, mun rubuta labarin da ya zo da shi, kuma daga mako mai zuwa za mu fara mayarwa hannu da hannu, ba aike ba. Wanda ya canza lambar waya ya tuntuɓe mu ta inda ya same mu da farko. Bas za ta shiga gareji a duba mata birki, don haka a motar haya zan zo. Da gidan Inna zan fara, ranar Talata in Allah ya kai mu, tauraron na naɗe a ƙyalle.