Daren da na daka wa wata uwa tsawa a ɗakin yara

Shekarata ta bakwai kenan ina aikin nas a ɗakin yara, kuma duk wanda ya taɓa aiki a irin wannan ɗaki ya san yadda damina take mana. Daga Agusta har Oktoba zazzaɓin cizon sauro ya cika gadaje, yara biyu wani lokacin har uku a gado ɗaya, ga masu tamowa ga masu jijjiga, mu kuma mu biyu ne kacal a dutin dare don abokan aikinmu da yawa sun tafi Saudiyya ko Ingila.

A irin wannan daren ne wata baiwar Allah ta taɓa ni a kafaɗa ta ce "Sista don Allah ruwan nan ya sake tsayawa." Karo na uku kenan tana zuwa kan ruwan da ake ƙara wa ɗanta, ni kuma ina fama da neman jijiyar wani jariri, kawai sai na juya na daka mata tsawa a gaban kowa. Ba ta ce uffan ba, ta ja mayafinta ta koma ta zauna a ƙasa gefen gadon ɗanta. Na je na gyara ruwan kuma wallahi ban ji komai a raina ba, ko ɗigon nadama. Sai da asuba ina alwala abin ya faɗo min, ni da na shigo aikin nan saboda tausayin yara, yaushe zuciyata ta bushe haka?

Da safe na faɗa wa shugabarmu, wata dattijuwa da ta kusa ritaya. Ba ta yi min faɗa ba, cewa ta yi "'yata, yaushe rabonki da hutun shekara?" Shekara biyu. Kullum ni ce mai karɓa wa wasu duti, in na koma gida kuma maƙwabta na sallama da yaro a goye, waya ba ta hutawa, kunya ta hana ni cewa a'a. Ta tuna min maganar da Salmanu ya faɗa wa Abu Darda, Annabi (SAW) ya gaskata shi, cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kai ma kana da haƙƙi a kanka, iyalinka ma haka.

Ashe abin ma sananne ne, wato matsananciyar gajiyar aiki da ake kira "burnout" a Turance. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin matsalolin da aiki ke haifarwa, ta kawo alamominsa uku: gajiyar da ke ƙarar da ƙarfin mutum, jin ka yi nisa da aikin har kana ƙyamarsa, sai raguwar ƙwazo. Ta biyun nan ce ta kama ni, kuma ita ce mai haɗari don wasu ke fara ganinta kafin kai.

Na ɗauki hutuna cikakke. Yanzu in ba na duti waya a kashe take bayan isha'i, ba na fara aiki da yunwa, kuma in yaro ya rasu a hannunmu ni da abokiyar aikina mukan zauna ko minti goma ne mu yi maganarsa mu yi masa addu'a, maimakon da da muke haɗiyewa mu wuce gado na gaba. Gaskiya wannan bai ƙara mana ma'aikata ba, mutum biyu ba za su iya aikin mutum shida ba komai haƙurinsu, wannan nauyin hukuma ne.

Matar nan kuwa an sallame su kafin in dawo duti, ban samu na nemi gafararta ba. Har yau in damina ta shigo ina duba fuskokin iyaye ko Allah zai sa in gan ta.