Tifar shara biyu da na saya da kuɗina

Bara da rani na sayi shara, e shara fa, tifa biyu, aka kai min gonata da ke wajen Gezawa. Abokan aikina da na gaya musu dariya suka dinga yi, wai mutum da hankalinsa ya biya kuɗi a kawo masa bola. Su ƴan birni ne ban ga laifinsu ba, amma duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke kewaye da Kano ya san wannan tsohuwar sana'a ce.

Muna yara da rani Baba zai ɗora wa jaki itace ko kara da asuba ya shiga birni, in ya sayar ba ya dawowa haka nan, sai ya cika mangala da taki daga juji, toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da sharar tsakar gida duk sun ruɓe sun yi baƙi, ya zo ya zuba tsibi-tsibi a gona kafin ruwa ya sauka. Wani Bature Michael Mortimore da ya koyar a ABU Zariya da kuma jami'ar Bayero ya daɗe yana bincike a kan wannan tun shekarun 1960, abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne yadda ake noma gona ɗaya duk shekara babu hutu kuma ba ta mutu ba. Da Baba suka tambaya ai da jakinsa kawai zai nuna musu.

Ni abin da ya mayar da ni bola tsada ce ba wani son gargajiya ba. A 2017 buhun takin zamani na NPK naira 5,500 ne a shirin nan na gwamnatin tarayya da ƙasar Maroko, yaƙin Yukiren ya zo a 2022, aka cire tallafin mai a 2023, kafin ka ce kwabo buhu ya haura dubu talatin, kuma gonata ba buhu ɗaya take ci ba.

To ranar da direba ya juye tifar nan wallahi sai da gabana ya faɗi. Leda ce. Baƙar leda, ledar fiya wata, famfas ɗin yara, fasasshiyar kwalba, batiran tocila, tsumma, har da sirinji na gani da allurarsa. Takin yana ciki kam amma sai ka tona. Kawuna da gonarsa ke maƙwabtaka da tawa ya zo ya tsaya ya sa sanda ya juya, ya ce "ɗan nan, wannan ai ba jujin da ubanka ya sani ba ne." Na ce Kawu to yaya zan yi, kuɗi sun riga sun fita. Ya ce a tace.

Haka muka kafa ragar waya a kan itace huɗu, na ɗauki yara uku da shebur na saya musu safar hannu saboda kwalba, kwana biyar ana watsawa ana rairayewa. Abin da ya faɗo ƙasa taki ne mai kyau, baƙi wuluk, ka damƙa ka ji laushi kuma ba wari sai ƙamshin ƙasa. Abin da ya tsaya a saman raga kuwa tsibi guda. In ka bar ledar nan a gona ba ta ruɓewa, garma tana tono ta duk shekara, saiwa ta zo ta tarar da ita ta lanƙwashe, awaki su haɗiye, je ka tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbi.

Wani abin mamaki, ban nemi kowa ba sai ga ƴan jari bola da kurarsu da sikeli, ban san wa ya gaya musu ba. Suka ware ƙarfe daban, gwangwanin lemo daban, roba mai tauri daban, kowanne da kuɗinsa a kilo. Robar ana kai ta wajen masu injin niƙa a wanke a farfasa, daga nan ta wuce masana'antun Sharaɗa da Bompai ta dawo mana a buta da bokiti da silifa. Gwangwanin kuma masu zubin tukwane ne ke narka shi su zuba a cikin ƙasar da suka yi wa siffa, babbar tukunyar da ake dafa shinkafar biki wata ƙila lemon da ka sha ne. Mutanen nan ana raina su, a kira su da sunaye, kuma gaskiya akwai ɓata-gari a ciki masu cire murfin kwalbati da wayar wuta, amma a cire su daga garin nan wata ɗaya a gani.

Daga nan ne na ce ni ma bari in daina sayen na wasu. Na haƙa rami a gefen gona, a ƙasa kara da busasshen ganye, sai kashin shanu da na awaki, sai toka kaɗan, a yayyafa ruwa a sake wani layin, a rufe. Kawu ya koya min dabara, ka soka sanda har ƙasa ka bar ta, in ka zaro bayan kwana uku ka ji ta da zafi to yana dahuwa, in sanyi ƙalau ko ruwa ya yi kaɗan ko kashin bai isa ba. Duk bayan sati biyu zuwa uku a juya, wata uku ya nuna.

Na yi wauta ɗaya dai, gaggawa. Na samo kashin kaji ɗanye daga wani gidan gona na zuba kai tsaye a gindin masara, kwana kaɗan ganye ya ƙone kamar an watsa masa ruwan zafi, layi shida na rasa. Kashin kaji yana da ƙarfi sosai sai ya kwanta ya huce tukuna. Shi kuma buntun shinkafa da ake jibgewa a bayan injina a Kura akasin haka ne, ba ya son ruɓewa, in ka zuba shi haka nan masara sai ta yi ɗorawa-ɗorawa, sai dai a fara shimfiɗa shi a ƙarƙashin kaji ko a turara shi ya zama gawayi ba toka ba sannan a gauraya.

Ban daina sayen takin zamani ba, kar wani ya ce na ce, na dai rage, kuma ƙasar ta fi riƙe laima, lokacin da ruwa ya ɗauke kwana goma sha wani abu a tsakiyar damina gefen da na zuba takin ne ya fi jurewa.

Ledar ce har yau ban san yadda zan yi da ita ba. Ƴan jari bola sun ɗebi ta fiya wata mai ɗan tsafta, baƙar kuwa da famfas sun ce ko kyauta ba sa so. Kawu ya ce in cinna mata wuta, ni kuma hayaƙin nan nake tsoro ga gidajen mutane a kusa. Tana nan a buhuna tara a gindin darbejiya, na ɗora musu dutse saboda iska.