Ranar da Aka Tambaye Ni Ruwanda

Da katuna goma sha biyu na shiga ɗakin muhawarar nan, kowanne na rubuta shekara a samansa da jan biro. Tambayar da aka ɗora mana ita ce ko ya dace Amurka ta ci gaba da zama ɗan sandan duniya. Ƙuri'a ta jefa ni ɓangaren masu cewa bai dace ba, kuma da ma can zuciyata take, don haka na kwana uku ina shiri kamar mai zuwa kotu.

Minti bakwai aka ba ni. Na fara da 1953, yadda hukumomin leƙen asirin Amurka da Ingila suka haɗa baki aka kifar da Firaminista Muhammad Musaddiƙ na Iran bayan ya mayar da arzikin man ƙasarsa hannun gwamnati, abin da CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, ta amsa a takardun da aka saki a 2013. Na wuce juyin mulkin Gwatamala a 1954, na taɓo na Cile a 1973, sannan na tsaya a kan Iraƙi. Na tuna wa jama'a yadda Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya ɗaga 'yar kwalba a gaban Kwamitin Sulhu a watan Fabrairun 2003 yana batun makaman ƙare dangi, aka mamaye ƙasar a watan da ya biyo baya, aka bincika ba a same su ba. Na rufe da cewa mulkin mallaka ne ya sake riga. Aka tafa, na zauna ina jin magana ta ƙare.

Wadda ta tashi daga ɗaya ɓangaren ɗalibar shari'a ce, ko takarda ba ta riƙe ba. Ta gaishe da alƙalai, ta juyo gare ni ta ce, "Malam, duk abin da ka lissafa ban musa ko ɗaya ba. A watan Afrilun 1994 aka fara yanka mutane a Ruwanda, cikin kwana ɗari aka kashe kusan 800,000. Ana tsakiyar kisan Kwamitin Sulhu ya rage dakarunsa zuwa 270, jami'an Amurka kuma suna ta kauce wa kiran abin da sunansa, wato kisan ƙare dangi, don kada ya zama dole su motsa. A lokacin ta yi daidai abin da kake nema, ta naɗe hannu. Ka gamsu?"

Har yanzu ina tuna yadda na riƙa juya katunan nan ɗaya bayan ɗaya, gumin hannuna yana narkar da jan biron, mai riƙe da agogo ya zuba min ido. Babu 1994 a cikinsu. Na ce wannan aikin Majalisar Ɗinkin Duniya ne, ta ce Majalisar ba ta da soja ko jirgi nata na kanta, sai abin da ƙasashe suka ara mata. Aka kaɗa ƙararrawa. Su suka yi nasara, kuma sun cancanta.

Abin da ya fi min ciwo, tambayar gaskiya ce, ni kuma ban taɓa yi wa kaina ita ba. Na tara hujjojin da suke yi min daɗi ne kawai. Da na sake duba katunan, sai na ga wani giɓin: babu Hungari a 1956, babu Cekoslobakiya a 1968, babu Afganistan a 1979, alhali duk tankokin Tarayyar Sobiyet ne suka shiga. Ashe haushin ƙasa ɗaya nake ji, ina kiransa ƙin danniya.

Sai na zauna na karanta hujjojin ɓangarenta kamar ni zan kare su. Na ga Shirin Marshall na Amurka da ya zuba kimanin dala biliyan 13 a Yammacin Turai daga 1948. Na ga Bosniya, inda aka kashe maza da yara kusan 8,000 a Srebrenica a Yulin 1995, yaƙin kuma bai tsaya ba sai da jiragen NATO suka shiga aka kai ga yarjejeniyar zaman lafiya ta Dayton. Amma rikicin Suez na 1956 ne ya fi tsaya min a rai. Ingila da Faransa da Isra'ila suka afka wa Masar bayan Jamal Abdunnasir ya ƙwace mashigin, sai Shugaba Eisenhower na Amurka ya matsa wa ƙawayen nasa lamba, har ta fuskar kuɗi, suka janye. Shi ne mutumin da yake mulki lokacin da aka kifar da Musaddiƙ shekara uku kafin nan. Hannu ɗaya ne ya yi duka biyun, kuma ba Iraniyawa ba Misrawa, babu wanda aka nemi shawararsa.

A nan na gane inda na yi kuskuren ɗora muhawarata. Na tsaya a kan ta shiga ko kada ta shiga, wurin da kowane ɓangare yake da gawarwakin da zai nuna. Abin da ya kamata in riƙe shi ne wa zai iya tuhumarta idan ta yi ɓarna. A 1986 Kotun Duniya ta yanke hukunci cewa Amurka ta karya dokar ƙasa da ƙasa a Nikaraguwa, da dasa nakiyoyi a tashoshin ruwanta da tallafa wa 'yan tawayen Kwantira. Amurka ta yi watsi da hukuncin, da maganar ta je Kwamitin Sulhu kuma ta hau kujerar na-ƙi. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Ɗan sanda na gaskiya akwai alƙali a samansa, ana iya korarsa daga aiki. Wannan kuwa shi ne mai kamawa, shi ne mai hana a gurfanar da shi, kuma irin kariyar da Rasha ta fake da ita ke nan bayan ta afka wa Yukiren a 2022.

Libiya ce ta ƙara tabbatar min. Ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1973 a 2011 ya ba da izinin kare fararen hula, aikin ya ƙare da kifar da Gaddafi, ƙasar ta dare, makamai suka malala har Mali. A 2016 Obama ya ce rashin shirin abin da zai biyo baya shi ne babban kuskuren mulkinsa. Amsa kuskure abu ne mai kyau, sai dai a hirar talabijin aka yi shi, waɗanda gidajensu suka rushe kuma ba su da inda za su kai ƙara.

Bayan wata biyu muka haɗu da ita a ɗakin karatu. Na ce, "Malama, na zo da tawa tambayar," na ba ta labarin Nikaraguwa. Ta yi shiru tana jujjuya biro, sannan ta ce ta yarda a ɗaure mai ƙarfi da doka, amma in gaya mata wa zai riƙe igiyar, tunda ƙasashe biyar ne masu kujerar na-ƙi kuma babu wadda za ta sauka da kanta. Na ce mata Eisenhower ya ja wa ƙawayensa birki a 1956, kuma zanga-zangar Amurkawa da kansu tana cikin abin da ya fitar da sojojinsu daga Biyetnam. Ta ce wannan sa'a ce, ita tsari take nema. Muna kan haka mai kula da ɗakin ya zo ya ce lokacin rufewa ya yi.