Na ajiye aikin nas a sashen kansa a Jidda

Tunda huruj ɗina (takardar izinin barin Saudiyya) ya fito bari in amayar da abin da na daɗe ina haɗiyewa. A sashen kansa mutuwa ma da sauƙi wallahi, an san inda aka dosa. Mai karya ni ita ce wadda muka sallama ana murna, gashinta ya tsiro, ta shekara biyar tana shan tamoxifen, maganin hana kansar mama dawowa, ba fashi, kwatsam sai ga ta a keken marasa lafiya wai bayanta ke ciwo, a yi sikanin a ga kansar maman ta koma ƙashi, wani lokaci hanta ko huhu. Sabuwar zuwa sai ki lallashe ta da "in sha Allahu za a dace". Wadda ciwo ya dawo mata kuwa ta riga ta san kimo, maganin kansan nan da ake ɗurawa ta jijiya, tun daga bakin lif take fara kelaya amai kafin a jona mata komai, jijiyoyin hannun duk sun bushe kina laluben wajen kanula tana kallon idonki.

To shugabarmu da ta gano ina jin Hausa sai ta mai da ni tafinta kyauta. Duk tsohuwar da aka kawo daga Makka cikin Hausawan nan da kakanninsu suka zo hajji suka zauna, in dai labarin ba daɗi, "a kira 'yar Najeriya". Akwai wata Hajiya da na yi jinyarta a zuwan farko, 'ya'yanta suka tare ni a baranda suna haɗa ni da Allah kar in gaya mata ciwon ya dawo, likita kuma ya ce fassara mata. Ina shiga ta riƙe min hannu ta ce "'yar nan ba ke kika ce an gama ba?" Na ce Mama ikon Allah ne, muryata ta ƙi fita. Na shige ɗakin ajiyar magani na yi kukana, na wanke fuska na koma dutina na awa 12.

Washegari aka kira ni ofis, an rubuta a fayil ɗina wai ina sa marasa lafiya a rai fiye da kima, ban iya aiki ba. Shugabar tamu fa, matar da ba ta taɓa tsayawa a ɗakin ba lokacin da ake faɗa wa mutum ciwonsa ya dawo. Har yau in na tuna raina na ɓaci, ban yafe ba tukuna gaskiya.

Nas-nas masu tahowa daga gida, in aka ce ku fassara sakamako, ku ce a nemo tafintan asibiti kuma likita ya tsaya da ƙafarsa. Kalmar "kin warke" ku bar wa likita, ku dai ce yanzu ba a ga komai ba. Maganin ciwo kar ku jira sai ta yi ihu, tsofaffin nan namu kunya da kawaici ba sa bari su roƙa.

Hajiyar dai har ta rasu ba ta yarda kowa ya sa mata kanula in ina duti, kuma shugabar tamu ta sani sarai.