Shibra a Gonar Gero

Kawuna ne ya bugo waya ranar Laraba, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Tsohuwa na cigiyarka. Ta ce ko sai ranar da za a bizne ta za a ga ƙeyarka?" Shekara huɗu rabona da ƙauyenmu. Da farko aiki na fake da shi, sai korona ta ba ni hujja, daga baya kuma na riƙa cewa hanya ba kyau. Wannan na ƙarshen ba ƙarya ba ne, amma ai su a cikin rashin kyan hanyar suke kwana suna tashi.

Ranar Asabar 22 ga Yuli, 2023, na shiga mota a Kabuga. Ba a cika wata biyu da cire tallafin man fetur ba, a makon nan kuma lita ta haura naira 600, don haka da ɗan kamasho ya faɗi kuɗin Malumfashi sai da na ce ya maimaita. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba, buhun taki a but. Muka wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, Rimin Gado, Gwarzo, muka faɗa ƙasar Katsina. Damina ta zauna sosai. Masara ta kai ƙirji, dawa na biye, can kuma auduga da waken suya sun rufe ƙasa.

Wani dattijo mai jan carbi da muke matse da juna ya tambaye ni inda na nufa. Na faɗa masa sunan ƙauyen.

"Ai can Maguzawa ne," in ji shi.

"Ni ma nasu ne, Baba. Gobe ma a cocinsu zan yi sujada."

Ya juyo ya ƙare mini kallo. "Ikon Allah. Amma fa Hausarka ta fita."

Na ce ai ba ni da wata. Ya yi dariya har da tari, ya ɓara goro ya miƙo mini rabi. Wannan tambaya tun ina firamare nake amsa ta, a masallacin unguwa ana mamakin Bahaushe Kirista, a coci a Sabon Gari kuma ana tambayata ko yaushe na tuba. A Dayi muka karya kwana, ba a jima ba sai ga Malumfashi, garin Galadiman Katsina.

Na biya ta cocin St. Vincent Ferrer, uwar cocinan wannan yanki. Sunan kaɗai ya isa ya gaya maka waɗanda suka kafa ta: Vincent Ferrer ɗan ƙungiyar Dominikan ne daga Sifen, kuma Fada-Fada 'yan Dominikan daga Amurka ne suka karɓi aikin ƙasar Sakkwato da Katsina a shekarun 1950. A nan Malumfashi ake horar da katikis, malaman da ke riƙe da cocinan ƙauye. A nan ne kuma, cikin watan Mayun 2021, 'yan bindiga suka shiga da dare suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da dattijo Fada Joe Keke, sai daga baya aka sako shi. Na durƙusa na ɗan lokaci, ban daɗe ba, domin Kawu ya ja mini kunne kada rana ta faɗi mini a hanya. Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, wurin Bishop Matthew Hassan Kukah. Wata uku bayan tafiyar nan ne Fafaroma Francis ya yanke wa Katsina nata dayosis, wato yankin da bishop guda ke riƙe da shi, ya ba Gerald Mamman Musa, ɗan wannan ƙasa, Bahaushe na farko da ya zama bishop a Katolika. Ranar da labarin ya fito Kawu ya kira ni sau uku.

Daga bakin kwalta sai ɗan acaɓa. Mun sauka sau biyu mun tura babur a laka.

Kaka tana zaune a kan tabarma tana tsinke tafasa. Ba ta ɗago ba. "Wane ne wannan baƙon? Ku ba shi ruwa, ku tambaye shi gidan da yake nema."

"Mijinki ne, tsohuwa."

"Mijina ya mutu a Kano. Wannan mai tumbin ban san shi ba."

Sai da ta gama yi mini tsiya sannan ta kamo hannuna ta riƙe, ba ta saki ba har aka kawo tuwo. Da dare aka yi Rosari a tsakar gida, manya da yara, murya ƙasa-ƙasa, babu fitila ko ɗaya. Da ina yaro da ƙarfi ake yi, har gidan da ke hayin rafi su ɗauka. Ana idarwa samari uku suka ɗauki tocila da sanduna suka fita. Ban tambaya ba, ba a kuma gaya mini ba.

Ƙararrawar cocinmu har yanzu tsohon ƙarfen tayar babbar mota ce, a rataye jikin bedi. Bugu na farko a shirya, na biyu a fito. Ginin ƙasa ne da rufin kwano, benci goma sha wani abu, sauran jama'a kowa da kujerarsa 'yar tsugunno. Fada ba ya samun zuwa kowace Lahadi, rassan sun yi masa yawa, da damina kuma rafi ke yanke hukunci. Ranar babu Mas, babu Jibi Mai Tsarki. Malam Katikis ne ya ja sujada, mutumin da ya koya wa uwata katikizim, ya koya mini, yanzu kuma tabaransa ɗaure yake da zare.

Mata a dama cikin zanen Zumunta, maza a hagu, yara a ƙasa gaban bagade. Da matan suka ɗauki waƙar shiga, mai tulu ta fara dukan bakinsa, caki ya shigo, sai na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. A Kano Mas ɗin Turanci nake zuwa, akwai piyano da lasifika, ana farawa a kan lokaci a gama a kan lokaci. Ban san na yi kewar tulun nan ba sai da na ji shi.

Aka karanta Littafin Hikima, aka rera Zabura, aka karanta Romawa, sannan muka miƙe don Bishara. Matiyu sura 13 ce, karatun da cocinan Katolika a faɗin duniya suka yi a wannan Lahadin: mutum ya shuka iri mai kyau, da dare mutane na barci maƙiyi ya zo ya watsa mugunyar ciyawa a cikin alkamar, barori suka ce bari su tuge, maigona ya hana, ya ce kada garin tuge ciyawa su tumɓuke alkama, a bar su tare har kaka.

Malam ya rufe littafi, ya cire tabarau. "To jama'a, kun ji. Me kuka ji?"

A birni ba a yi mana wannan tambaya. Fada ya yi wa'azi, mu ce amin. Nan kuwa kafin ya rufe baki Kawu ya miƙe.

"Malam, a gafarce ni, amma maigonan nan ba manomi ba ne."

Coci ta ɗauki dariya. Kawu bai yi ba. Ya ce jiya-jiya ya gama maimai, bayansa har yanzu bai miƙe ba, yanzu a ce masa a bar ciyawa sai kaka? Wanda ya bar noman fari ya wuce shi ai ya yi wa jaki noman harawa. Wani ya karɓe daga baya, ya ce to wuta-wuta fa? Ka bar ta ta yi furen nan nata mai kyau a gonar dawa, ta zubar da iri, shekara da shekaru kana fama, jikanka ma sai ya gaje ta. Kowa ya gyaɗa kai. A wurin nan babu wanda bai taɓa asarar dawa saboda wuta-wuta ba.

Malam ya bar su suka ƙoshi, sannan ya ce ciyawar da Yesu yake nufi ba irin wadda ake ganewa daga nesa ba ce. A ƙasarsu akwai wata mai kama da alkama sak, ba a rarrabe su sai sun fid da kai.

"Shibra ke nan," in ji Kaka daga inda take zaune, ba ta ko tashi ba.

Aka yi tsit, sai kuma guna-guni na yarda. Ni ɗan birni sai da ta ƙara bayani na tuna. Shibra tana fitowa a gonar gero, ganye iri ɗaya, kara iri ɗaya, sau da yawa a rami ɗaya ma. Sai ta yi kai za ka ga nata siriri ne mai gashi, tana rigan gero nuna, ta kakkaɓe 'ya'yanta a ƙasa tun ba a zo girbi ba. Mai gaggawar raba su tun suna ƙanana, rabin abin da zai tuge geronsa ne.

"Kuma kada ku raina ta," Kaka ta ci gaba. "Shekarar fari, zamanin Gowon, da rumbu ya ƙare gero bai nuna ba, wa ya riƙe mu? Ita muka bi gona-gona muna karya. Wannan mai surutun," ta nuna Kawu da haɓa, "da kunun shibra aka yaye shi."

Farin 1973 take nufi. Kawu ya zauna yana sosa ƙeya, mata suna guɗa ƙasa-ƙasa. Na ɗauka an gama ke nan, za a tashi a yi Na Ba Da Gaskiya, shahadar bangaskiya da ake faɗa bayan wa'azi.

Sai wani magidanci ya miƙe a layin maza. Na san shi, tare muka yi kiwon awaki. An sace ƙanensa bara, sai da suka sayar da gona da shanun huɗa biyu kafin ya dawo.

"Malam, mu bar kewaye-kewaye. Waɗanda suka zo gidanmu sun san ɗakin da yake kwana. Sun san ranar da muka sayar da waken suya. Wa ya gaya musu? Shibra ba ta nuna wa ɓarawo ƙofa. Infoma yana cikinmu, yana cin tuwo da mu. Shi ma a bar shi sai kaka?"

Ba wanda ya waiwaya, amma yadda wuyan kowa ya ƙage ya sa na gane akwai wanda ake nufi. A bencin ƙarshe wani saurayi ne zaune, kansa a ƙasa. Daga baya na ji labarin: ya tafi ci-rani ya dawo da sabon babur da waya mai tsada, ba wanda ya san sana'ar da ya yi. Shi ke nan hujjar. Har an fara maganar a kira 'yan sa-kai, kuma duk wanda ya san ƙasar nan ya san wanda suka tafi da shi ba kasafai ake sake ganinsa ba. Uwar saurayin ce mai buga tulu.

In faɗi gaskiya, cikina yana tare da mai maganar. Wa'azin haƙuri yana da sauƙi a bakin wanda bai sayar da gonar ubansa ba.

Malam bai yi sauri ba. Ya ce, "Ɗana, ban ce a daina gadi ba. A cikin karatun ma barci ne ya ba maƙiyi hanya. Ku yi gadi, ni ma ina cikin layi ranar Talata. Amma barorin nan sun ga ciyawar da idonsu, duk da haka aka ce su dakata. Mu fa? Wanda ya gani da idonsa, ko ya ji da kunnensa, ba an ce ba, ya tashi a gaban bagaden nan ya faɗa, ni zan raka shi wurin mai gari da hukuma."

Ba wanda ya tashi. Kwano yana ta ƙara saboda rana ta fara zafi.

"Wato sai an kashe wani tukuna," in ji magidancin, ya zauna.

Malam bai ba shi amsa ba, ya ɗaga hannu muka miƙe. Wurin roƙe-roƙe kowa ya kawo nasa: ruwa ya kai ƙarshen damina, masu ciki su sauka lafiya, waɗanda ke daji a hannun mutane su dawo. Aka kawo baiko, 'yan naira hamsin-hamsin da suka sha hannu, ƙwai biyar a ƙwarya, da damin rama. Da aka ce a ba juna hannu na salama, na saci kallon bencin baya. Mutum uku na ƙirga. Ta ukun Kaka ce, ta tafi da sandarta tun daga gaba, kuma ta daɗe a hanya don kowa ya gani.

Bayan an tashi ba wanda ya tafi gida. A gindin bedi matan Zumunta suka zuba adashi, suka ware na wadda ta haihu. Maza suka tsayar da ranar gayya a gonar wata gwauruwa da ciyawa ta ci ƙarfinta, aka ce a gaya wa maƙwabta Musulmi na hayi, tunda su ma sun kira mu tasu. Aka yi cacar baki a kan kwano biyu da ke yoyo, aka waiwayo kaina, ɗan birni mai albashi, na yi alkawari ba don na shirya ba. Magidancin nan shi ya karɓi aikin sayo ƙusa. Saurayin kuwa aka ce shi zai ɗauko kwanon daga Malumfashi, tunda shi ke da babur. Ba su dubi juna ba, kuma ba wanda ya ce a'a.

Litinin da sassafe an kwana ana ruwa. Kaka ta ɗaure mini kuka da daddawa a leda, ta ce in na sake shekara huɗu in nemi wata matar. Kawu ya fita neman wanda zai kai ni bakin kwalta, ya dawo da babur ɗaya tak da ya yarda ya shiga lakar.

Yaron ya gaishe ni da ladabi, "Yaya, ina kwana," ya karɓi jakata ya ɗora a kan tanki. Na hau. Kafin mu fita gari na lura hannuna ya kai aljihu, na mai da wayata can ciki. Muka shiga tsakanin gonaki, gero ya fi mu tsayi dama da hagu, ko kai bai fara fitarwa ba. A tsakiyar hanya wayarsa ta yi ƙara. Ya rage gudu, ya duba, ya mayar aljihu bai ɗauka ba. Ta sake yi. Ban ce komai ba, shi ma haka.

A bakin rafi muka sauka, ya tuɓe takalmi ya tura babur, ya dawo ya kama hannuna saboda santsi. Da muka iso kwalta na ciro kuɗi, ya ce Kaka ta riga ta biya, ta kuma ce in ya karɓi ko sisi a hannuna kada ya ƙara taka mata gida. Ya tsaya tare da ni har motar Dayi ta zo, sannan ya juya.