Ɗalibai a bakin murhu, sansanin Bakassi

A ranar 10 ga Satumba 2024 aka wayi gari madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya kwararo cikin Maiduguri, ya shanye Gwange da Fori da Kasuwar Monday, ya shiga har fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na jami'a. Rabon garin da irin wannan ambaliya tun 1994. Aka sake buɗe sansanin Bakassi, wanda aka rufe a 2021 bayan ya daɗe yana ɗauke da waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu, kuma can na raka wasu ɗalibai da suka haɗa kuɗi a tsakaninsu, suka sayi shinkafa da wake da tabarmi, suka taho aikin sa kai.

A makaranta waɗannan yara a rarrabe suke, kowa da 'yan sashensa da 'yan jiharsu da ƙungiyarsa ta addini, har akwai waɗanda suke aji ɗaya amma gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba. A sansani kuwa tukunya ce take raba aiki. Mai karatun likitanci yana faskare, mai karatun lauya tana wanke-wanke, kuma wata ɗaliba 'yar Margi da take jin Barbarci ta zama bakin kowa wajen rubuta sunayen iyalai, domin tsofaffi da yawa Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba.

Sai dai a ganina ba wahalar aikin ce kaɗai ta haɗa kansu ba. Sun zo ne da zaton su ne masu bayarwa, amma tun dahuwar farko ta nuna cewa babu wanda ya taɓa dafa buhun shinkafa guda a cikinsu. Wata dattijuwa da ruwa ya ci gidanta a Gwange ta dubi wanda yake fama da wuta, ta ce, "Ɗana, matsa gefe, wannan wutar ba za ta dafa buhu ba." Ita da ƙawayenta suka karɓe murhun, suna aiken ɗaliban ɗebo ruwa, suna yi musu faɗa in sun zuba gishiri da yawa, kuma ba sa bari su tashi sai sun ci. Kafin a jima kowa "Iya" yake kiranta, kuma da zarar mutane sun sami uwa ɗaya mai yi musu faɗa, sun zama 'yan ɗaki ɗaya.

Akwai dai waɗanda hoton da za su ɗora a Facebook ya kawo su, kuma raina bai so yadda wasu suke ɗaukar yara masu bin layi da kwano ba tare da sun tambayi iyayensu ba. Iya ce ta hana, ta ce duk mai son hoto ya ɗauki tukunya, amma 'ya'yan mutane ba abin kallo ba ne.